Tambayoyinku: Dokokin Motsi Tsakanin Kulki da Ƙwallo a Wasan Besbol

Wasiƙar farko a wannan fitowa daga Makka ta zo. Sauran ukun kuwa sun ɗan jima a ajiye, na haɗo su da ita ne saboda duk a kan jifa da bugun ƙwallo suke magana.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Shari'a Mansur, a nan Makka, kuma karatuna na zamani bai wuce firamare ba. Ɗana na fari yana sanawiyya, wato makarantar sakandare. Kwanakin baya ya zo mini da littafinsa na fiziya, ya buɗe babin dokokin motsi na Niyuton, inda aka sa hoton wani mutum riƙe da kulki yana jiran ƙwallo. Ya ce sunan wasan besbol, bai taɓa ganin ana yin sa ba, kuma bai gane abin da ya haɗa shi da darasin ba. Dokokin uku ya haddace su tsaf da Larabci, amma da an ce ya yi bayani sai ya yi shiru. Ina roƙon a warware mana su da Hausa, yadda ni ma zan fahimta. Daga wani mahaifi, Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaron albarka, ya kuma saka maka da alheri da ba ka ce wannan aikin malaman makaranta ne kaɗai ba. Rashin sanin wasan ba laifin ɗanka ba ne, domin besbol wasan mutanen Amurka ne da Japan da Koriya ta Kudu da Kyuba da wasu ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. A nan Saudiyya inda aka daɗe ana yin sa shi ne garin Zaharan, a unguwar ma'aikatan kamfanin mai na Aramco, har ƙungiyar yaransu ta sha zuwa gasar yara ta duniya a Amurka. Saboda haka bari mu fara da wasan kansa.

Kowane ɓangare mutum tara ne. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu, ya wurgo ƙwallo wajen mai kulki, wanda ke nesa da shi da mita 18 da ɗigo 44. Bayan mai kulki akwai mai cafewa a tsugune, sanye da ƙatuwar safar hannu ta fata. Idan mai kulki ya sami ƙwallon ya doke ta, sai ya yar da kulkin ya ruga, yana ƙoƙarin zagaya masaukai huɗu da ke da tazarar mita 27 da 'yan kai a tsakaninsu kafin abokan hamayya su tsinto ta su riga shi. Ita ƙwallon nauyinta tsakanin giram 142 ne da 149. A tsakiyarta akwai ɗan dunƙulen ɓawon itace da roba, an naɗe shi da zaren ulu mai yawa, sannan aka rufe da ƙyalle biyu na fatar saniya. A matsayinka na tela za ka so jin cewa da hannu ake ɗinke fatun nan biyu, da jan zare, ɗinki 108, kuma wannan ɗinkin yana da hannu a yadda ƙwallon ke tafiya a iska.

Ishaƙ Niyuton, masanin ƙasar Ingila, ya wallafa dokokin nan uku a shekarar 1687. Ta farko tana cewa abin da ke zaune zai ci gaba da zama, abin da ke tafiya kuma zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudu ɗaya, matuƙar babu wani ƙarfi daga waje da ya taɓa shi. Rabin farko kowa ya yarda da shi. Rabi na biyun ne ke yi wa hankali wuyar karɓa, domin duk abin da muka taɓa turawa a rayuwarmu daga bisani tsayawa yake yi. To, ka tuna da masu tura keken tsofaffi a Harami. A kan titi mai tsakuwa, da mutum ya saki keken sai ya tsaya. A kan marmaran da aka goge kuwa, turi ɗaya ya isa ya sa keken ya yi ta silalewa, har ma aikin ya koma na riƙe shi kada ya bugi na gaba. Ashe ba gajiya keken ke yi ba, ƙasa ce ke riƙe masa ƙafa, kuma gwargwadon raguwar riƙon, gwargwadon nisan tafiyar. Tun kafin Niyuton da shekaru sama da ɗari shida, Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta cewa abin da aka jefa yana ɗauke da wata karkata zuwa tafiya wadda ba ta ƙarewa da kanta, sai dai iska da makamantanta su cinye ta. Ya kamata yaronka ya san wannan.

A filin besbol, daga lokacin da ƙwallo ta bar yatsun mai jifa, hannunsa ya gama aikinsa, babu sauran abin da ke tura ta gaba. Ƙwararrun masu jifa suna sakin ta da gudun kilomita 150 a sa'a, wato rabin gudun jirgin ƙasa na Haramaini idan ya miƙe hanya tsakanin Makka da Madina. Wani ɗan Kyuba mai suna Aroldis Chapman ma ya kai kilomita 170 a shekarar 2010. Cikin kashi huɗu bisa goma na sakan ɗaya take isa wajen mai kulki. Da dokar farko ce kaɗai ke aiki, da a miƙe za ta tafi kamar zaren da aka ja, da kuma gudun da ta fita da shi. Amma abu biyu ne ke taɓa ta a hanya. Iskar da take ketawa tana rage mata kusan kashi ɗaya cikin goma na gudunta, ƙasa kuma tana jan ta, ta yadda cikin wannan ɗan lokacin jan ƙasa shi kaɗai zai iya saukar da ita da kimanin santimita 80. Wannan ya sa mai jifa ba inda yake son ta faɗa yake auna ba, sama da nan yake auna.

Doka ta biyu ita ce zuciyar darasin, kuma a kanta nake son mu daɗe. Tana cewa sauyin da ke samun tafiyar abu ya danganta ne da ƙarfin da aka sa masa da kuma nauyinsa: ƙarfi mai yawa, sauyi mai yawa; nauyi mai yawa, sauyi kaɗan. Keken da ke ɗauke da ƙaramar yarinya da wanda ke ɗauke da ƙaton dattijo ba turi ɗaya suke bukata ba, haka nan wajen tsayar da su. Sai dai akwai abu na uku da ɗalibai ke yawan mantawa da shi, alhali kuwa shi ne ke buɗe komai, wato lokaci. Idan kana son sanin ƙarfin da ya yi aiki, sai ka ɗauki nauyin abin, ka ninka shi da yawan sauyin gudunsa, sannan ka raba da tsawon lokacin da sauyin ya ɗauka. Ma'ana, sauyi iri ɗaya yana iya zuwa da ƙarfi kaɗan idan an ba shi lokaci, yana kuma iya zuwa da ƙarfi mai ban tsoro idan lokacin ya ƙure.

Ka sa yaron ya ɗauko biro ku yi wannan lissafin tare. Mu ɗauka ƙwallo mai giram 145 ta iso wa mai kulki da gudun mita 40 a sakan, ya doke ta, ta koma da gudun mita 45 a sakan. A nan ne da yawa ke yin kuskure, su ce sauyin 5 ne kawai. Ba haka ba ne, domin kulkin sai da ya fara tsayar da ita cak, ya kashe mita 40 ɗin nan, kana ya ba ta sababbin 45 zuwa inda ta fito, saboda haka sauyin 85 ne. Idan ka ninka 85 da nauyinta, wato kashi 145 cikin dubu na kilo, za ka sami 12 da ɗigo 3. Haɗuwar kulki da ƙwallo kuwa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, ƙiftawar ido ma ta ninka ta fiye da sau ɗari. Da ka raba da wannan lokacin sai ka sami ƙarfi na niyuton 12,300 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), kwatankwacin nauyin kilo 1,250. Buhunan siminti 25 ke nan masu kilo 50, a kan abin da bai cika tafin hannu ba. Hotunan da ake ɗauka da kyamara mai saurin gaske suna nuna ƙwallon nan mai taurin dutse ta lotse a jikin kulkin kamar curin ƙullu, kafin ta dawo da siffarta ta tashi. Na sha yin wannan lissafin, amma har yau ina jin mamakinsa, domin babu ɗan Adam da zai iya danna abu da hannu da irin wannan ƙarfin, sai ga shi ƙurewar lokaci ta samar da shi daga hannun mutum ɗaya da guntun itace.

Mai cafewa kuma dokar nan yake amfani da ita, amma ta ɗaya fuskar. Shi ma dole ne ya kashe gudun ƙwallon gaba ɗaya, sai dai yana neman ya ja lokacin. Safar hannunsa cushe take da abu mai laushi, kuma hannun nasa yana ɗan ja baya tare da ƙwallon. Idan tsayawar ta ɗauki ninki goma na lokaci, ƙarfin da ke dukan tafinsa ya ragu ninki goma. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin gini ya ga leburori suna jefa wa juna bulo ya ga wannan: mai karɓa ba ya sandarar da hannu, yana biye wa bulon ne ya sauke shi a hankali. Babu wanda ya karanta masa doka ta biyu, hannunsa ne ya koya bayan ya sha zafi sau ɗaya ko biyu.

Doka ta uku tana cewa duk lokacin da wani abu ya tura wani, shi ma na biyun yana tura na farkon da ƙarfi daidai wa daida, ta fuskar da ke kishiyantar ta farko. Buhunan siminti 25 ɗin nan da kulki ya ɗora wa ƙwallo, ita ma ta ɗora masa su a wannan lokacin. Yaronka zai iya tambaya, to in ƙarfin ɗaya ne, don me ƙwallon ce ke tashi sama, kulkin bai tashi ba, ko kuma don me ƙarfafan biyu ba su kashe juna ba? Amsar ita ce ba a jiki ɗaya suke aiki ba, ɗaya a kan ƙwallo yake, ɗayan a kan kulki, kuma kowanne doka ta biyu ce ke yanke masa hukunci gwargwadon nauyinsa. Kulkin ƙwararru yana kai giram 900, ya ninka ƙwallon kusan sau shida, don haka sauyin da ke samunsa kusan kashi ɗaya cikin shida ne na wanda ke samunta. Amma yana samunsa. Gudunsa yana raguwa, yana karkarwa, wani lokaci ma ya tsage gida biyu. Akwai wani gurbi kimanin santimita 15 daga bakin kulkin wanda idan ƙwallo ta sauka a kansa karkarwar ba ta da yawa, bugun ya yi nisa, hannu kuma bai ji komai ba. Idan ta sauka kusa da mariƙi kuwa, tafin hannu sai ya yi zugi, irin wanda mai faskare ke ji idan ƙotar gatari ce ta sami icen maimakon bakinsa.

Wani abin da masu bincike suka tabbatar shi ne cewa a daidai lokacin haɗuwar, riƙon hannu ba ya ƙara wa ƙwallon komai, domin kafin girgizar ta gangara zuwa mariƙi ta dawo, ƙwallon ta riga ta tafi. A shekarar 2012 wani ɗan wasa mai suna Todd Frazier ya doki ƙwallo ta tsallake katangar fili alhali kulkin yana suɓucewa daga hannunsa. Duk aikin mai bugu yana ƙarewa ne kafin haɗuwar, wajen tara wa kulkin gudu, kuma wannan gudun daga ƙasa yake farawa. Yana danna ƙasa da ƙafarsa, ƙasa ta mayar masa da turin, ƙugu ya juya, kafaɗa ta bi, hannu ya zo a ƙarshe. Shi ya sa takalmansu ke da ƙusoshi a ƙasa. A kan marmara mai santsi, ko wane ne ba zai iya bugun kirki ba. Kuma gudun kulki ya fi gudun jifa tasiri nesa ba kusa ba: ƙarin kilomita 10 a gudun jifa ba ya ƙara wa tashin ƙwallo fiye da 2, amma ƙarin 10 a gudun kulki yana ƙara mata kusan 12.

Shawarata, Alhaji, ka ce wa yaron duk lokacin da aka ba shi irin wannan hoton ya yi wa kansa tambaya uku: wane ne ke taɓa abin nan yanzu, ta wace fuska, kuma na tsawon wane lokaci? Idan ya amsa su, haddar da ya yi da Larabci za ta sami wurin zama.

TAMBAYA: Malam, ni matashi ne a Jidda, ranar Juma'a da sassafe nakan je wani fili inda 'yan Pakistan da Indiya ke wasan kurket, har sun fara sa ni a ciki. Akwai wani a cikinsu da ƙwallonsa ke lanƙwasa a iska. Na ga irin haka a bidiyon besbol. Yayana ya ce ruɗin ido ne kawai, wai abin da aka jefa ba ya canja hanya. Wane ne ke da gaskiya? Daga wani matashi, Jidda.

AMSA: Ɗana, kai ne ke da gaskiya, amma kada ka raina maganar yayanka, domin a kan dokar farko ya tsaya, kuma manyan mutane a Amurka sun yi shekaru suna wannan gardamar. Abin da ya manta shi ne ƙwallon ba a cikin sarari maras komai take tafiya ba, iska tana taɓa ta, kuma iska tana iya tura ta gefe. A shekarar 1959 wani masani mai suna Lyman Briggs ya sa ƙwallon besbol a cikin bututun da ake hura iska a ɗakin gwaji, ya auna, ya sami cewa mai juyawa da sauri tana iya kaucewa da kusan santimita 44 kafin ta isa wajen mai kulki. Wannan ya ninka faɗin kulkin, wanda bai kai santimita 7 ba, sama da sau shida.

Sirrin yana cikin juyawa. Mai jifa ba sakin ƙwallo kawai yake yi ba, yana murza ta da yatsunsa, har takan juya sama da sau 2,000 a minti ɗaya, wato kusan sau 15 a ɗan gajeren tafiyar nan. Fatar ƙwallon da tudun ɗinkinta suna jan iskar da ke manne da ita. A gefen da ke juyawa tare da iskar da ke wucewa, iskar tana daɗewa a manne, ta biyo bayan ƙwallon. A ɗaya gefen da ke juyawa gaba da iskar, da wuri take rabuwa da ita. Sakamakon haka iskar da ƙwallon ta bari a bayanta ba a miƙe take fita ba, ta karkata gefe ɗaya. To, ga doka ta uku ta shigo: tun da ƙwallo ta tura iska hagu, dole iska ta tura ƙwallo dama. Ana danganta wannan da wani Bajamushe mai suna Magnus, wanda ya yi bayaninsa a 1852, ko da yake Niyuton kansa ya ambaci lanƙwasar ƙwallon tanis tun a 1672. Shi ne kuma abin da kake gani idan gwanin ƙwallon ƙafa ya buga firikik ta zagaye katangar 'yan baya.

Fuskar juyawar ita ke zaɓar fuskar lanƙwasar. Idan saman ƙwallon yana juyawa gaba, iska tana taya ƙasa ja, sai ta faɗi da wuri, mai kulki ya kai duka sama da ita. Idan yana juyawa baya, iska tana tallafe ta. A nan ne yayanka ke da rabon gaskiya, domin masu kulki da yawa suna rantsuwa cewa jifa mai gudu tana tashi sama gab da isowarta, alhali ba ta tashi. Tallafin iskar bai kai nauyin ƙwallon ba, faɗuwa take yi, sai dai ba ta faɗi yadda ido ya saba gani ba, shi ne ƙwaƙwalwa ta fassara shi da tashi. Akwai kuma wata jifa da ake yi da ƙumba, a saki ƙwallon kusan ba ta juyawa. Ita wannan ɗinkin ne ke wasa da iska, ya tura ta nan ya tura ta can, ta yadda mai jifar kansa bai san inda za ta sauka ba.

Game da abokinka na kurket, ka lura da shi da kyau a Juma'a mai zuwa. Ƙwallonsu ɗinki ɗaya gare ta a tsakiya, kuma sukan goge gefe ɗaya ya yi sheƙi su bar ɗayan da kaushi, ko kuma su naɗe rabin ƙwallon tanis da salatif. Bambancin gefen biyu ne ke sa iska ta rabu da su a wurare daban-daban. Hanyar ta bambanta da ta besbol, amma hukuncin ɗaya ne: an karkatar da iska, ita kuma ta rama.

TAMBAYA: Malam, ina koyarwa a Ɗa'ifa. Na karanta cewa a garuruwan kan dutse ƙwallo ta fi yin nisa. Shin haka ne, kuma zai shafi gari irin namu? Daga wani malamin makaranta, Ɗa'ifa.

AMSA: Haka ne, Malam, kuma garinku misali ne mai kyau. Lissafin da ake fara koya wa ɗalibai yana ɗauka babu iska, inda yake nuna cewa jifa mafi nisa ita ce wadda ta tashi a kusurwar digiri 45. Da haka duniya take, ƙwallon da ta bar kulki da mita 45 a sakan za ta wuce mita 200. A zahiri kuwa wajen mita 120 take sauka, kuma bugun da ke tsallake katanga yawanci tsakanin digiri 25 ne da 35. Iska ce ke cinye ragowar. Saboda haka duk abin da ya rage kaurin iska zai ƙara wa ƙwallo nisa.

A Amurka akwai birnin Denba, mai tsayin kusan mita 1,600 daga teku, inda iska ta fi ta bakin teku sirantaka da kusan kashi ɗaya cikin shida. A can bugu yana ƙara nisa da aƙalla kashi 5 cikin ɗari, jifa mai lanƙwasa kuma ba ta lanƙwasa sosai, tun da iskar da za ta tura ta ta ragu. Abin ya dami masu jifa har aka fara ajiye ƙwallaye a ɗaki mai laima tun daga 2002, don kada bushewa ta sa su ƙara tsalle. Ɗa'ifa ta fi Denba tsayi, don haka bugun da aka yi a wurinku zai fi irinsa na Jidda nisa, sai dai sanyin garinku zai ɗan rage bambancin, domin iska mai sanyi ta fi mai zafi kauri. Wani abin da zai ba ɗalibanka mamaki shi ne cewa iskar Jidda mai gumi, wadda muke cewa ta yi nauyi, a ma'auni ta ɗan fi busasshiya sauƙi, saboda tururin ruwa bai kai iskar da ya kora nauyi ba.

TAMBAYA: Malam, ƙanina ya kawo wa yarana ƙwallon besbol da kulki tsaraba daga tafiya. Na taɓa ƙwallon na ji ta kamar dutse, kuma a cikin lungu suke wasa da ita. In bar su ko in karɓe? Daga wata uwa, Madina.

AMSA: Hajiya, damuwarki a kan hanya take, kuma ina roƙon kada ki bari a ci gaba da wasa da wannan ƙwallon a lungu. Lissafin da muka yi a amsar farko shi ne dalili. Ƙashin kai ba ya ja baya kamar hannun mai cafewa, don haka ƙwallon da ta same shi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci take tsayawa, ƙarfin kuma ya taru a wuri ɗaya. A watan Agustan 1920 jifa ta sami wani ƙwararren ɗan wasa mai suna Ray Chapman a ka, washegari ya rasu, kuma duk da haka sai a 1971 aka wajabta hular kwano a babbar gasar Amurka. Hular tana yin aiki biyu: kwanonta yana baza dukan a kan fili mai faɗi, soson da ke cikinta kuma yana ja lokacin tsayawar. Likitoci sun kuma san cewa dukan ƙwallo mai tauri a ƙirjin yaro, daidai saitin zuciya, yana iya rikita bugunta ko da jifar ba ta yi gudun a zo a gani ba. Ba ya yawan faruwa, amma idan yaro ya yanke jiki ya faɗi bayan irin wannan dukan, a kira motar agaji nan take, a nan Saudiyya a lamba 997, a kuma fara danna masa ƙirji kafin su iso.

Ba sai kin hana su wasan ba. Ki sayo musu ƙwallon tanis, wadda nauyinta bai kai giram 60 ba, wato ƙasa da rabin waccan, ga ta kuma da laushi, tana lotsewa a hankali idan ta sami jiki. Su fita fili mai sarari, nesa da motoci da tagogi da masu wucewa zuwa masallaci. A shata wa mai kulki da'ira a ƙasa wadda babu mai shiga, domin a wasan yara kulkin da ake wurgawa ba a duba baya ba yana da nasa haɗarin, kuma ƙananan ne suka fi matsowa kusa don su ga abin da ake yi. Ita ƙwallon fatar kuwa ki ajiye ta a sama, sai ranar da aka sami hula da safar hannu da babban da zai tsaya a kansu.